Tauraron Auta da Zobban da Na Goge

Litinin, 5 ga Mayu

Auta ta zo shago da rana, jaka a kafaɗa, ko zama ba ta yi ba. Wai jami'arsu za ta baje ayyukan ɗalibai ranar 24 ga wata, kuma hoton tauraronta ne za a kafa a tsakiyar zaure, faɗinsa mita biyu. A ranar ne Farfesarta da wasu manyan malamai za su zaɓi mutum ɗaya da zai ci gaba da bincike a ƙarƙashinsu. Su shida ke nema. Sai ta ce tana tunanin kai wa wani kamfani aikin bugawar.

Kamfani. Ni ina zaune a gabanta.

Shekara talatin da biyar ina sana'ar hoto. Da kyamarar aro na fara, ina tsayawa a ƙofar ofishin da ake neman fasfo, farin ƙyalle a rataye jikin katanga. Sakandare da ƙyar na gama, ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Yau ina da shago mai ƙofa biyu da injin da ke buga hoto mai tsawon mutum. Na ce mata ajiye filashin kwamfutar da hoton ke ciki a kan tebur, kar in sake jin maganar kamfani. Ta yi dariya ta ajiye. Har ta kai ƙofa ta juyo: "Baba, don Allah kar a taɓa komai a ciki. Yadda yake za a buga."

Na ce to. Duk wanda ya shigo shagon nan haka yake cewa.

Talata, 6 ga Mayu

Na buɗe hoton. Gaskiya abin kallo ne. Ɗigon fari a tsakiya, shuɗi ya kewaye shi, daga nan ja da ruwan lemo sun bazu kamar an hura wuta cikin auduga. Sauran duk baƙi.

Da yamma a gida na tambaye ta, ba don ban gane ba, don dai in ji yadda za ta faɗa. Ta ce tauraro ne irin ranarmu, ya tsufa. Irinsu in sun kusa mutuwa ba fashewa suke ba, kumbura suke yi, sannan su riƙa tuɓe abin da ke jikinsu, iska da ƙura, riga bayan riga, har ya rage ƙwayar tsakiya mai tsananin zafi. Ita ce ke haska abin da aka zubar. Mamansu tana yankan albasa ta ce, "Irin babanku ke nan in ya dawo daga shago. Riga nan, hula can."

Sannan wai ba da hasken da ido ke gani aka ɗauki hoton ba. Akwai wani haske gaba da ja, na ɗumi, ido ba ya kama shi, kuma shi ne ke ratsa ƙura ya nuna abin da ta lulluɓe. Wata na'urar hangen nesa da ke can sararin samaniya ce ta ɗauka, su kuma suka ba kowane kaso nasa launi don mutum ya iya gani. Na ce hasken da ba a gani ai sunansa duhu.

Ta ɗauko rimot ɗin talabijin ta ce in dubi kansa. Ta danna. Ba komai. Ta buɗe kyamarar wayarta ta nuna kan rimot ɗin, ta sake dannawa. Sai ga wani ɗan haske yana ƙyaftawa a fuskar wayar.

Na ce ai na daɗe da sanin wannan.

Ban sani ba. Da suka shiga kicin na gwada da tawa wayar, na gwada da rimot ɗin fanka ma.

Laraba, 7 ga Mayu

Tela maƙwabcina ya leƙo da tef a wuya: "Sarkin Hoto, an ce yanzu har taurari wurinka suke zuwa fasfo." Na ce in sun zo zan turo maka su ka ɗinka musu wando mai ƙafa ɗaya gajera, kamar yadda ka saba. Shekara ashirin muna haka.

Shi kaɗai ya san yadda na ji lokacin da yarinyar nan ta ƙi karatun haɗa magunguna. Har yau in an tambaye ni me take karantawa, sai in ce kimiyya, in canja magana. Ya za ka ce wa mutum 'yarka tana karatun tauraron da ke mutuwa? Sai ya yi maka jaje.

Na duba takarda mai kauri, irin wadda ake buga babban aiki a kai. Abin da ya rage a naɗin zai yi manyan hotuna biyu cif. Ɗaya na Auta. Ɗaya nawa, wanda zan kafa a bangon da ke fuskantar ƙofa wata mai zuwa, in na cika shekara talatin da biyar ɗin. Mako uku ina gyara shi a kwamfuta. Layukan goshi sun tafi, furfura ta tafi, na ɗan ɗaga haɓa. Kafinta ya riga ya haɗa firam biyu iri ɗaya.

Alhamis, 8 ga Mayu

Yau na zauna da hoton Auta sosai.

Da na ƙara girmansa na duba ɓangaren baƙin, sai na ga ba tsaf yake ba. Wasu layuka ne dishi-dishi, ruwan toka, sun zagaye tauraron daga nesa, ɗaya bayan ɗaya, kamar shatar da kofin shayi ke bari a kan tebur. Na san irinsu. In haske ya bugi gilashin kyamara a karkace, haka yake yi. Ko yaron da ya fara koyon aiki ya san a sa wa gilashi hula. Wato na'urar da ake ta kurantawa ke nan, an harba ta sama ba wanda ya tuna ya goge mata ido.

Na tuna ta ce kar a taɓa. To amarya ma haka take cewa, "Kar ka canja ni, yadda nake nake so." Ka bar mata ƙurji ɗaya a kumatu ka ga ko za ta sake taka shagonka. Abin da mutum ke nufi shi ne, gyara ni amma kar a gane. Wannan ita ce sana'ar gaba ɗaya, ba a koyar da ita a jami'a.

Awa uku na yi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, hannu a sake. Yanzu baƙin ya zama baƙi wuluk, tauraron ya fito kamar zai yi magana. Ba zan gaya mata ba. Za ta dai ga hotonta ya fi na kowa kyau, ba ta san dalili ba.

Asabar, 10 ga Mayu

An buga. Minti arba'in injin yana tafiya, ina tsaye a kansa. Kafinta ya sa firam da gilashi, muka naɗe da kwali muka jingina a ɗakin baya. Auta ta bugo waya tana so ta zo ta gani. Na ce ba a ganin aikina sai ranar da za a ɗauka, ki je ki yi karatunki. Ta ce, "Na yarda da ku, Baba."

Lahadi, 11 ga Mayu

Maganin rina gemu ya kusa ƙarewa. In tuna in saya.

Lahadi, 18 ga Mayu

Bayan cin abincin rana Auta ta ce za ta gwada jawabinta a gabanmu. Ta haɗa kwamfutarta da talabijin ɗin falo. 'Yan kallo uku: ni, Mamansu, da Tela, wanda ƙafarsa ta san lokacin da ake sauke tukunya a gidan nan.

Farko lafiya lau. Har ta ba mu dariya da cewa sunan da ake kiran irin wannan gajimaren iska da ƙura ma kuskure ne. Masanan farko sun hango su a ƙananan na'urorinsu, suka ga sun yi zagaye kamar duniyoyin da ke kewaya rana, sai suka danganta su da duniyoyi, alhali babu abin da ya haɗa su. Sama da shekara ɗari biyu sunan ya ƙi goguwa. Na ce ashe masu ilimi ma suna yi. Ina zaune na ɗora ƙafa kan ƙafa.

Sai ta ce, "Wannan na tsakiya mai launi kowa ya san shi, an sha ɗaukarsa. Nawa aikin ba nan yake ba." Ta kai yatsa can gefe, cikin baƙin. Ta ƙara hasken allon.

Shatar kofin shayi.

"Zobba ne, goma sha ɗaya. Shekara biyu ina raba su da dattin na'ura." Wai kowane zobe alamar wani lokaci ne da tauraron ya zubar da abin jikinsa, na waje shi ne mafi tsufa. Kuma da yake tazarar da ke tsakaninsu kusan ɗaya ce, tana zaton akwai wani tauraro a gefensa da ba a gani, yana kewaya shi, shi ne ke tsara yadda ake zubarwar.

Mamansu ta ce, "To ai da ma. Tsoho ba ya iya komai a kan tsari sai da wani a gefe yana juya shi." Tela ya yi dariya har da tari. Ya dube ni: "Sarkin Hoto, lafiya? Ka yi shiru kamar an ce ka biya kuɗin abincin."

Na ce zafi ne.

Ta kammala da cewa ranar Asabar ba kwamfuta za ta nuna wa malaman ba, babban hoton za ta tsaya a gabansa ta ƙirga musu zobban da hannu. Muka tafa mata. Ni ma na tafa.

Shekara biyu. Ni awa uku.

Litinin, 19 ga Mayu

Tun da safe na kira mai kawo mana takarda. Mai kaurin nan babu, sai nan da mako uku. Na kira wani, shi ma haka. Wato abin da ya rage a garin nan, a iya sanina, shi ne yankin da na ajiye wa hotona.

Sai wata dabara ta zo mini. Na rufe ƙofa ɗaya, na kwance kwalin, na cire gilashin. Na ɗauko gwangwanin biskit ɗin da nake ajiye burusaina na zamanin baƙi da fari, lokacin da muke gyara hoto a kan takarda da hannu. Na dama ruwan toka. Ina duba asalin a kwamfuta, ina bi a hankali. Hannun bai manta ba. Kafin azahar na zana zobe ɗaya, kuma wallahi ya yi kyau.

Tela ya turo ƙofa ba sallama. Ya dubi hoton, ya dubi burushin, ya dube ni. Ba wawa ba ne, jiya yana falon. Sai ya tambaya:

"Nawa ta ce suke?"

"Goma sha ɗaya."

"To tunda kana ciki, ƙara mata ɗaya mana ya zama dozin. Ta fi sauran ɗaliban."

Na ce fita min daga shago. Ya fita yana dariya. Amma burushin ya ƙi komawa kan takardar. In zan iya ƙara ɗaya, to waɗanda nake zanawa duk nawa ne, ba na tauraron ba. Yarinyar nan za ta tsaya gaban malamanta tana ƙirga musu zanen ubanta.

Na wanke burushin.

Talata, 20 ga Mayu

Na ce to, in buga asalin a kan takardata shiru, ba wanda zai sani. Na fara gwadawa a kan 'yan tsiraran takarda, kamar yadda muke yi a ɗakin wanke hoto a da.

Zobban ba su fito ba. Allon kwamfuta haske ne a bayansa, takarda kuwa tawada take sha, baƙin ya haɗiye su ƙurmus. Da na ƙara haske sai suka fito tare da wasu ɗige-ɗige da layuka, ban san wanne ne zobe wanne ne datti ba. Na ƙirga na samu takwas. Na sake na samu goma sha uku.

Takarda ɗaya ce. In na ɓata ta, shi ke nan.

Mutum ɗaya ne ya san wanne ne wanne.

Laraba, 21 ga Mayu

Da safe Mamansu ta ajiye mini shayi ta tsaya a kaina: "Malam, kwana uku ke nan ba ka ce gishiri ya yi yawa ba. Me ka aikata?" Na gaya mata. Ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta ce, "Kira ta yanzu, ba anjima ba," ta miƙo mini wayata.

Auta ta zo wajen sha ɗaya. Na jingina hoton a bango na koma gefe. Fuskarta ta fara haske, don gaskiya launin ya fito. Sannan ta matsa kusa. Ta ƙara matsawa. Ta karkata kai.

"Baba, ina suke?"

"Na goge."

"Duka?"

"Duka. Sai wannan ɗaya, ni na zana shi shekaranjiya."

Ta fita. Ta tagar na hango ta zaune a bencin Tela, shi kuma ya tsayar da keken ɗinkinsa, ya miƙa mata ruwa. Ni ina ciki ina jera abubuwan da ke jere. Ban taɓa jin shagon nan ya yi mini faɗi haka ba.

Da ta dawo idonta ya yi ja.

"Na ce kar a taɓa."

"Kowa haka yake cewa."

"Ni ba kowa ba ce, Baba."

Na ce na sani. Na ce na yi kuskure. Rabon da kalmar nan ta fita daga bakina, ina jin tun ana wanke fim da hannu.

Ta tsaya gaban hoton ta daɗe. Sai ta nuna zoben nawa: "Wannan ɗin ma ba a nan yake ba. Kun matso da shi ciki. Kun rage wa tauraron shekara ɗari uku." Na ce ai aikina ke nan, rage wa mutane shekaru. Ta so ta ƙi dariya, abin ya gagara. Tana dariya tana share ido.

Ta tambaya ko akwai takarda. Na ce akwai. Ta ce, "Ba ta hotonku ba ce?" Na ce wa ya gaya miki? Wannan ajiya ce kawai.

Tela ne ya gaya mata, na sani.

Alhamis, 22 ga Mayu

Na rufe shago yau, na manna takarda a ƙofa. Kujera biyu a gaban kwamfuta ɗaya.

Ta kafa mini doka: duk abin da za a yi wa hoton, duka za a yi masa lokaci ɗaya. Ba a haska wannan kusurwa a bar waccan, ba a taɓa wuri ɗaya don ya yi kyau. Na ce a sana'armu akasin haka ne. Ta ce ta lura.

Ita ta san wanne ne zobe. Amma ba ta san takarda ba. Ta ɗauka abin da allo ya nuna shi inji zai bayar. Na nuna mata yadda baƙi yake da hawa-hawa, yadda in ka sake wa inji tawada zai cika takardar ya kashe duk wani abu mai rauni. Muka riƙa bugawa a tsiri-tsiri, ina rubuta lamba a bayan kowanne, muna fita da su bakin ƙofa mu duba a hasken rana, don fitilar shago maƙaryaciya ce. Tsiri na biyar, zobba shida. Na tara, tara, amma tsakiyar ta ƙone. Muka koma baya. Ta ce, "Ya kuka san zai yi haka tun kafin ya fito?" Na ce ido ne. Ban ƙara komai ba, amma na ji daɗi har ƙafata.

Na ce mata kar a sa gilashi, zai riƙa ɗauko hoton tagogin zauren ya rufe zobban. Ta rubuta a littafinta. Ni aka rubuta maganata a littafin jami'a.

Tsiri na goma sha huɗu. Ta riƙe shi a bakin ƙofa, tana bi da yatsa ba ta taɓa ba, leɓenta na motsi. Ta kai ƙarshe ta sake daga farko.

"Goma sha ɗaya. Baba, ban taɓa ganinsu a takarda ba."

Tela daga shagonsa: "An samu dozin ɗin?" Muka ce a'a tare.

Juma'a, 23 ga Mayu

An buga a kan takardar ajiya. Minti arba'in ba wanda ya zauna. Ya fito.

Tsohon hoton kuwa Tela ya roƙa, wai shi ya fi tsafta, zai rataya a bayan kekensa. Auta ta ce ya ɗauka, da sharaɗin duk wanda ya tambaya a gaya masa zoben nan na babanta ne.

Asabar, 24 ga Mayu

Na sa babbar rigata mai ruwan ƙasa. Mun isa tun kafin a buɗe zaure. Inda aka ware wa hoton, wata doguwar fitila ce daidai kansa, tana zuba masa haske kamar shagon sayar da takalma. Na ce wa mai kula da zauren a kashe ta. Ya ce ba a ba shi umarni ba. Na ce ɗana, ka taɓa ganin an kalli tauraro da fitila a kunne? Ya kashe. Na sa aka karkata hoton kaɗan daga taga. Zobban suka taso a hankali kamar suna jira.

Farfesar ba yadda na zata ba ce. 'Yar gajeruwar mata, takalmi marar tsini, tabarau a saman kai tana ta nemansa a jaka. Ta zo da malamai uku. Auta ta tsaya ta yi bayani. Ta ƙirga musu da hannu, ɗaya bayan ɗaya.

Wani dattijo cikinsu ya ce na goma sha ɗayan nan, kin tabbata zobe ne? Ta ce, "Ban tabbata ba, Malam. Shi ya sa na bar shi dishi-dishi yadda yake. Sai an sake dubawa." Na ce a raina yarinyar nan ta kashe kanta. A shago ba ka taɓa gaya wa mai kaya ba ka tabbata ba. Sai na ga dattijon ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu, Farfesar tana murmushi.

Daga baya Farfesar ta dawo ita kaɗai, ta samo tabarau ɗin, ta matsa har hancinta ya kusa taɓa takardar. Ta ce a kwamfutarta tara kawai take iya gani ba tare da ta matse ido ba. Wa ya buga?

"Babana," in ji Auta, ta jawo ni da hannun riga.

Na shirya jawabi tun a mota, da kyamarar aro da komai. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ita ta nuna mini inda suke." Farfesar ta ce suna da wasu hotuna shida da suka rasa mai buga musu ba tare da ya gyara ba. Mamansu ta yi tari. Na ce a kawo, mu ba ma taɓa komai.

Alhamis, 29 ga Mayu

An sanar yau, Auta aka zaɓa. Ta bugo waya tana magana da sauri ban ji rabi ba. Na ce ai na sani tun farko. Na shiga ɗakin baya na ɗan jima, ƙura ce ta shiga idona.

Litinin, 2 ga Yuni

Firam ɗin da aka haɗa wa hotona ya gaji da jingina, sai na kafa shi a bangon da ke fuskantar ƙofa, na jera tsirin nan goma sha huɗu a ciki, daga na farko zuwa na ƙarshe. Don kar bangon ya zauna haka ne kawai.

Wani ya zo fasfo ya tambaya ko mene ne. Na ce aikin 'yata ne, taurarin da ke mutuwa take karantawa. Bai yi mini jaje ba. Na ɗauko rimot ɗin fanka na ce ya buɗe kyamarar wayarsa. Fasfon minti biyar ya kai mu rabin awa. Tela yana ta ƙwala mini kira wai in saki bawan Allah ya tafi.

Mai takarda ya bugo, wai ta iso da wuri. Na ce ya kawo, aikin jami'a ne a gabana.

Maganin gemu ya ƙare tun makon jiya, ban samu na je ba. Mamansu ta dube ni da safe ta ɗan daɗe, ta ƙara mini sukari.

Kafin in rufe shago na buɗe hotona a kwamfuta, ba wanda na gyara ba, asalin. Na ƙara girman goshin. Layuka bakwai ne, in an haɗa da wani ƙarami a sama da ban tabbata ba. Na rufe ban taɓa ko ɗaya ba.

Aiki ne ya yi yawa, ba wani abu ba.